Kowace Kalma da Shahidinta: Yadda Ake Tara Manyan Kalmomin Turanci Don Jarrabawar GRE

Wani dare bayan sallar Isha'i muna zaune a harabar Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, an riga an naɗe manyan laimomin nan, iska ta fara sanyi, sai wani ƙanina da ke shekarar ƙarshe a jami'a ya miƙo mini wayarsa. Burinsa ya tafi Amurka ya yi digiri na biyu a fannin tattalin arziki, makarantar da yake hange kuma ta ce sai da sakamakon GRE, jarrabawar da wasu jami'o'i ke nema kafin su ɗauki ɗalibin digiri na biyu. A wayar akwai dogon jeri mai layi biyu, Turanci a hagu, Larabci a dama. Kalma ɗari shida ya haddace cikin wata guda.

"Yaya, wallahi babu wadda ban haddace ba," in ji shi. "Amma da na zauna gwaji, sai in ga kalmomi uku duk na san fuskarsu, duk ma'ana ɗaya na rubuta musu, in rasa wadda zan ɗauka."

Na duba jerin. Gaban "frugal" da "parsimonious" da "miserly" fassara ɗaya tak ya sa. Na ce, "To ƙanina, in wani ya ce kai mai tattali ne, wani ya ce kana da maƙo, wani kuma ya kira ka marowaci, duk magana ɗaya suka yi?" Ya ce, "Haba Yaya, na farkon ai yabo ne." Na ce masa haka abin yake a Turancin ma: "frugal" yabo ne, sauran biyun zargi ne, kuma a kan irin wannan ɗan bambancin ake gina tambayoyin.

Sanin shanu ya yi wa kalmomin. Abin da ya fi damuna shi ne yaron nan mahaddaci ne, ya karanta nahawu da sarfu, ya san malaman luga ba sa kawo kalma a ƙamus sai sun kawo mata shahidi, baitin waƙa ko aya ko zancen Larabawa da zai nuna yadda take zama a cikin jimla. Da ya zo kan Turanci sai ya ajiye duk wannan horon a bakin ƙofa. Yawancinmu da muka yi allo a gida, ko muka zauna halƙa a Makka da Madina, muna riƙe da kayan aikin da wannan jarrabawa take buƙata. Ga yadda ake amfani da su, daki-daki. Da kai nake, ɗan'uwa, da ke ma 'yar'uwa.

Fara da sanin abin da za a tambaye ka

Kafin ka sayi ko da kati ɗaya, shiga shafin makarantun da kake nema ka tabbatar suna son GRE. Da yawa sun sauke wannan sharaɗi daga shekarar 2020 zuwa yau, wasu sun mai da shi ganin dama. Wasu IELTS ko TOEFL kawai suke nema, waɗanda suke auna ko za ka iya zaman aji da Turanci. Makarantun kasuwanci suna karɓar wata jarrabawar daban, GMAT, wadda ƙarfinta yana kan fahimtar hujja, ba kan baƙin kalmomi ba. In nan cikin Saudiyya kake nema, a KAUST da ke Thuwal ko Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran, inda ake koyarwa da Turanci, nan ma duba sharaɗin sashen da kake so a wannan shekarar.

Hukumar ETS ce ke shirya GRE. Tun watan Satumba na 2023 aka gajarta ta, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Ɓangaren harshe kashi biyu ne: tambaya 12 cikin minti 18, sannan tambaya 15 cikin minti 23. Makin wannan ɓangare daga 130 ne zuwa 170. Yadda ka yi a kashin farko shi yake yanke irin nauyin kashi na biyu, saboda haka ba a wasa da sha biyun farko.

Tambayoyin iri uku ne. Akwai karanta nassi a amsa tambaya a kansa. Akwai cike gurbi, inda za a bar wuri ɗaya ko biyu ko uku a buɗe, kuma in ka kuskure guda ɗaya duk tambayar ta tafi. Akwai kuma wadda za a ba ka jimla da zaɓi shida, ka fitar da biyu waɗanda kowanne in ya shiga gurbin jimlar za ta ba da ma'ana iri ɗaya. Nan ma babu rabin maki. A da ana tambayar kishiyar kalma ita kaɗai tsirararta, amma an cire wannan tun 2011. Wato yau babu inda za a ce maka "mece ce ma'anar kaza". Kullum kalmar tana zaune ne cikin jimla. Tsofaffin jerin kalmomi dubu uku da ɗoriya da ke yawo a WhatsApp yawancinsu na waccan tsohuwar jarrabawar ne, kuma ETS ba ta taɓa fitar da wani jeri ta ce daga nan za ta yi tambaya ba.

Auna kanka kafin ka ɗora kaya

Yi gwaji guda cikakke, da agogo, a makon farko. ETS tana ba da gwajin POWERPREP kyauta ga wanda ya buɗe asusu. Kada sakamakon ya karya maka gwiwa, awo ne kawai.

Sannan ɗauki shafi ɗaya na The Economist ko Scientific American, ka ƙirga kalma ɗari, ka ja layi ƙarƙashin duk wadda ba ka sani ba. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000 (dangi shi ne kalma ɗaya tare da sigogin da ake fitarwa daga gare ta) kafin ya san kashi 98 cikin ɗari na abin da ke cikin jarida ko littafin labari, ya karanta ba tare da taimako ba. In ka rasa biyu ko uku a ɗarin, ka isa shiga manyan kalmomi. In sun haura biyar ko shida, shawarata ka ba da wata guda ga jerin kalmomin ilimi da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, mai dangin kalma 570, irin su "derive" da "inherent" da "arbitrary". Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu haifaffun Makka da Jidda da suka yi karatunsu kaf da Larabci. Ba abin kunya ba ne, ba a ɗora jinka sai an gama gini.

Inda ake samo kalmomin

Rabi daga karatu, rabi daga jeri. Kowace rana karanta maƙala guda mai ɗan nauyi, minti ashirin zuwa talatin. Arab News da Saudi Gazette sun dace da ɗumama jiki, musamman shafin ra'ayi, tunda ka san abin da ake magana a kai. Amma kada ka tsaya nan. Nassoshin GRE daga kimiyya suke zuwa, da tarihi, da adabi, da nazarin zane-zane da zamantakewa, don haka tilasta wa kanka karanta fannin da ba ya burge ka. In kai ɗan Shari'a ne, karanta bayanin yadda tsuntsaye ke ƙaura. In injiniya ne kai, karanta sharhin littattafai. Kada ka tsaya a kowace baƙuwar kalma. Ja mata layi, yi hasashen ma'anarta daga siyaƙi, wato zancen da ke kewaye da ita, ka wuce. Sai ka kai ƙarshe ka koma ƙamus ka ga ko hasashenka ya faɗa daidai. Wannan hasashen shi ne ainihin aikin da za ka yi ranar jarrabawa.

Jerin kuwa, zaɓi guda ɗaya na zamani mai kalma wajen dubu, ka tsaya a kansa. Tara jeri biyar ɗibar karan mahaukaciya ne.

Yadda ake rubuta kati

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe. Sayi ƙananan katuna a Jarir ko kowane kantin kayan makaranta, ko ka yayyanka takarda mai kauri. A fuskar katin kada ka rubuta kalmar ita kaɗai. Rubuta jimlar da ka tsince ta a ciki, ka ja wa kalmar layi. Shahidinta ke nan. Misali: "The landlord remained obdurate despite the tenants' pleas."

A bayan katin abu biyar za ka sa. Na farko, ma'ana da sauƙaƙan Turanci, gajeriya: "stubbornly refusing to change". Ƙamus ɗin masu koyo irin na Longman ko Oxford ya fi sauƙin bayani da yawan misalai, Merriam-Webster kuma shi ne na Turancin Amurka, ka riƙa leƙa shi don ma'anoni na biyu da na uku. Na biyu, kalmar Hausa ko ta Larabci da za ta ba ka ɗanɗanon abin, ba fassara ba: a nan sai ka rubuta "kafiya, taurin kan da magiya ba ta ratsa shi". Na uku, alama ɗaya: ƙari in kalmar yabo ce, ragi in zargi ce, sifili in ba ruwanta. Na huɗu, 'yan'uwanta biyu ko uku, a nan "intransigent" da "obstinate". Na biyar, jimlarka ta kanka, a kan rayuwarka. Wanda ya taɓa roƙon mai gidan haya ya ƙara masa mako guda ya ƙi, in ya sa wannan a jimla, shi da manta "obdurate" sai dai wani ikon Allah.

Me ya sa ma'anar za ta zama da Turanci? Domin in ka saba bi ta Larabci sannan ka dawo Hausa kafin ka gane jimla, gada biyu kake hawa a kowace kalma, alhali minti ɗaya da rabi kake da shi a kowace tambaya. Kuma fassara tana haɗe abin da Turanci ya raba, kamar yadda ta yi wa ƙanina.

Saurari furucin kalmar sau ɗaya a ƙamus na waya, ka faɗe ta da bakinka. Ba a gwada magana a GRE, amma abin da harshe ya furta ya fi zama. Mu da muka yi hadda da murya mun san wannan.

Rubuta kati ɗaya yana cin minti uku zuwa huɗu. Kada ka ga kamar ɓata lokaci ne. Rabin haddar a wurin rubutun ake yin ta, kamar dai wanda ya rubuta allonsa da hannunsa.

Ƙari da tishi

A makarantar allo malam ba ya yi maka ƙari sai ka biya na jiya. A halƙoƙin Harami kuma kowa ya san hadda ba muraja'a tufka da warwara ce. Masana na Turai sun zo sun auna abin da ma'auninsu. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya wallafa a 1885 gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, sannan ta lafa, kuma kowane tishi yana rage mata gudu. A 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno nassi da ka sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karanta shi. Mu abin da muke cewa shi ne kife allo ka biya.

To ga tsari. Kalma 15 a rana, kwana shida a mako, daga Asabar zuwa Alhamis. Juma'a babu ƙari, tishi ne zalla. Casa'in ke nan a mako, cikin mako 12 ka haura dubu. Wanda ya ce zai yi hamsin a rana, a mako na uku za ka same shi ya ajiye gaba ɗaya, don tishin ya taru ya fi ƙarfinsa.

Sami kwalin dabino da ya ƙare, ka raba cikinsa gida biyar da guntayen kwali. Wannan dabarar ta Sebastian Leitner ce, ɗan jaridar Jamus da ya bayyana ta a 1972. Sabon kati gidan farko yake shiga, ana duba shi kullum. In ka kalli jimlar ka faɗi ma'anar kafin ka juya katin, ya haura gida na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana biyu. Na uku bayan kwana huɗu, na huɗu mako-mako, na biyar bayan mako biyu. Duk katin da ka kasa, ko daga gida na biyar yake, ya koma gidan farko. Kada ka yi wa kanka sassauci da cewa "ai na kusa tunawa". Wanda ya kusa kawo aya bai kawo ta ba.

Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta. Kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, ta iPhone ce ake saya. In za ka yi amfani da ita, zuba katunanka na kanka, kada ka sauke na wani. Ni dai na fi son takarda, saboda wayar da za ka buɗe don tishi ita ce saƙonnin gida ke shigowa ta cikinta.

Lokaci kuwa, ƙari bayan Asuba, sa'ad da kai yake wasai. Tishi tsakanin Magariba da Isha'i, ko a motar jami'a, ko a layin cin abinci. Ɗaure katuna ashirin da roba ka jefa a aljihun jallabiya. Tafiya ɗaya a jirgin ƙasa na Haramaini daga Madina zuwa Makka ta isa ka zazzage gida na huɗu da na biyar kaf.

Sarfun Turanci

Wanda ya san cewa kataba da kitab da maktab da maktub duk daga haruffa uku suka fito, ya riga ya san dabarar da ɗaliban wasu ƙasashe ke biyan kuɗi a koya musu. Manyan kalmomin Turanci yawancinsu aro ne. A 1066 Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, Latin kuma shi ne harshen coci da malamai. Shi ya sa abu ɗaya yake da suna hawa uku: "ask" na kasuwa, "question" daga Faransanci, "interrogate" daga Latin. Haka muke da mutuwa da rasuwa da wafati, kowacce da inda ake faɗarta. GRE a hawa na sama take kiwo.

Ware rana ɗaya a mako, Asabar ta fi dacewa tunda babu aji, ka ɗauki saiwa biyar ka bi rassansu. Saiwar "loqu" magana ce: "loquacious" mai surutu, "eloquent" mai fasaha, "circumlocution" kewaye-kewaye a zance, "grandiloquent" mai cika baki da manyan kalmomi. Saiwar "tac" shiru ce: "taciturn" miskili marar son magana, "tacit" abin da aka yarda da shi ba tare da an furta ba, kamar shirun budurwa da malaman fiƙihu suka ce izininta ne. "Luc" haske: "lucid", "elucidate", "pellucid". "Plac" faranta rai ko kwantar da shi: "placate", "implacable". "Pugn" faɗa: "pugnacious" mafaɗaci, "impugn" sukar gaskiyar mutum ko niyyarsa. "Cred" yarda: "credulous" shi ne wanda kome aka gaya masa ya hau ya zauna. Sannan ɗafa-goshi irin su "bene" alheri, "mal" sharri, "circum" kewaye, "ob" gaba da gaba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi boko da Faransanci suna da babban rabo a nan, sai dai su kula da kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta rabu, kamar "actual" da ba ta nufin na yanzu.

Akwai ma waɗanda naka ne, na Larabci, suka je suka dawo da baƙin kaya. "Nadir", mafi ƙasƙancin matsayi, daga nazir take. "Zenith", ƙololuwa, daga samtur ra'asi. "Elixir" al'iksir ce, "cipher" sifr ce, "alchemy" alkimiya, "tariff" ta'arif. Waɗannan kyauta ka same su.

Amma fa saiwa jagora ce, ba alƙali ba. "Egregious" ta fito daga saiwar garke, asalinta wanda ya fita daban cikin garke, a da yabo ce, yau kuwa mummunan abu ne da ya wuce misali. "Enervate" ta yi kama da ƙara kuzari, alhali raunanawa take nufi. "Noisome" ba ruwanta da hayaniya, ɗoyi ne. "Ingenuous" mai farar zuciya ne marar wayo, "ingenious" mai hikimar ƙirƙira. Irin waɗannan ka yi musu katuna da jan biro.

Tara su dangi-dangi

Daga mako na huɗu, kowace Juma'a zazzage katunanka a kan darduma ka kasa su bisa ma'ana. Nan ne Hausarka za ta yi maka rana, domin Hausa tana da matakala a kowane hali. Ɗauki faɗa. Akwai nasiha, akwai jan kunne, akwai tsawatawa, akwai caccaka, akwai wankin babban bargo. Jera na Turanci a kan matakalar: "admonish" da "chide" a ƙasa, wajen jan kunne, "rebuke" da "upbraid" a tsakiya, "censure" tsawatarwa ce ta hukuma a bainar jama'a, "castigate" da "excoriate" su ne wankin babban bargon. Haka za ka yi wa dangin kwantar da hankali, "assuage" da "mollify" da "mitigate", ka lura mutum mai fushi ake yi wa "mollify", amma illa ko hukunci ake yi wa "mitigate". Haka dangin abin da ba ya daɗewa, "ephemeral" da "transient" da "evanescent". Haka dangin almubazzaranci, "prodigal" da "profligate", kishiyoyin su "frugal" ɗin nan. Malaman luga suna kiran wannan ilimi furuƙ, bambance kalmomin da ake zaton ma'anarsu ɗaya. Tambayar zaɓi shida kusan duk a kansa take tsaye.

Ƙananan kalmomi masu fuska biyu

Waɗannan sun fi manyan haɗari, don ba za ka ma yi zargin ba ka san su ba. "Qualify" a nassin GRE sau da yawa ƙayyade magana take nufi, abin da ɗan usulu zai kira taƙyidi. "Arrest" tsayar da abu. "Check" taka wa abu birki. "Champion" goyon baya. "Flag" yin sanyi, raguwar ƙarfi. "Pedestrian" lami, marar armashi. "Betray" fallasa abin da ke ɓoye ba da niyya ba. "Temper" sassautawa. "Wanting" abin da ya gaza. Duk lokacin da sananniyar kalma ta zauna a wurin da ba ta yi maka daidai ba, koma ƙamus ka karanta har ƙasa.

Akwai kuma masu ma'ana biyu kishiyoyin juna, irin waɗanda Larabawa ke kira addad. Ɗalibin fiƙihu ya san saɓanin da aka yi a kan ƙur'u, tsarki ne ko jini. Haka "sanction" take, izini ce kuma takunkumi ce. "Cleave" rabawa ce kuma mannewa ce. Siyaƙi kaɗai ke raba gardama.

Sa kalmomin aiki

Daga mako na biyar fara amsa tambayoyi na gaske, goma a rana, waɗanda ETS ta rubuta da kanta in da hali. Ƙa'idar ita ce rufe zaɓin da hannunka, karanta jimlar, nemo kalmar da ke juya akala, ka cike gurbin da kalmarka mai sauƙi, sannan ka buɗe. Ga misali na ƙirƙira:

"Although the report was ______, it left out nothing the investors needed to know." Zaɓi: succinct, verbose, misleading, concise, prolix, timely.

"Although" ta gaya maka rabin farko zai yi karo da na biyu. Rabi na biyu ya ce ba a bar kome ba. To me zai sa a yi mamakin haka? Gajarta. Kalmarka ita ce "short". Amsa "succinct" da "concise". Lura da tarkon: "verbose" da "prolix" su ma tagwaye ne, duka tsawaita zance suke nufi, an ajiye su ne don wanda ke neman tagwaye kawai bai karanta jimlar ba.

Masu juya akala su ne irin "although", "despite", "yet", "nonetheless", "far from", "anything but", "hardly". Masu miƙe hanya su ne "moreover", "indeed", "hence", da ɗigo biyu da ke zuwa kafin bayani. Ka yi musu irin kulawar da ɗan nahawu ke yi wa lakinna da bal da illa.

Buɗe littafi na musamman don kurakurai. Kowace tambayar da ka faɗi, rubuta dalili: ban san kalmar ba, ko na san ta da wata ma'ana, ko na tsallake mai juya akala. Bayan mako biyu ka duba wanne ya fi yawa. In na ukun ne, ƙara katuna ba zai yi maka magani ba, rage gudu za ka yi wajen karanta jimla.

In da abokin tafiya, ku riƙa biya wa juna sau ɗaya a mako. Ya faɗi kalma, kai ka sa ta a jimla nan take, ya ce maka ta zauna ko ba ta zauna ba. Mutum biyu ko uku sun isa, in aka yi yawa hira ake komawa.

Zaɓen rana da makonnin ƙarshe

Ɗauki kalandar Hijira kafin ka yi rajista. Goman ƙarshe na Ramadan a Makka ko Madina ba lokacin ƙari ba ne, haka ma lokacin Hajji ga wanda ke hidimar alhazai ko tafinta. A irin waɗannan makonni tsayar da ƙari, ka riƙe tishi na minti goma sha biyar kada igiyar ta tsinke. Sa jarrabawar ta faɗo ko dai kafin azumi ko bayan alhazai sun watse, kuma ka bar tazarar da za ta isa a sake in ta kama, domin sai bayan kwana 21 ake sake zama, sau biyar kacal cikin wata 12. Kuɗinta ya haura dala 200, abin da mai dogaro da mukafa'a, ɗan alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibi, ba zai so ya biya sau biyu ba. Sakamakon yana aiki shekara biyar. Sunan da za ka yi rajista da shi ya zama harafi da harafi irin na fasfonka, domin sunayenmu suna da rubutu iri-iri, na iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, daban na fasfo daban.

Yi gwaji cikakke na biyu a mako na takwas, na uku saura kwana goma. Makonni biyun ƙarshe babu sabon kati ko ɗaya, sai gidan farko da na biyu da littafin kurakurai. A cikin jarrabawar ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar tambaya ba amsa. In ta yi tauri zaɓi wani abu, sa mata alama, ka dawo in lokaci ya rage a wannan kashin. In ka haɗu da kalmar da ba ka taɓa gani ba, wanda tabbas za ka haɗu, duba saiwarta, tambayi kanka gurbin yabo yake so ko zargi, ka fara zubar da waɗanda ka tabbata ba su ba ne.

Ƙanin nan nawa ya goge jerinsa a daren, washegari ya sayi katuna. Bayan kamar wata biyu ya turo mini hoton guda ɗaya. A fuskarsa jimla ce daga wata maƙala, an ja wa "assuage" layi. A bayansa ya rubuta "sanyaya zuciya" da alamar ƙari, a ƙasa kuma jimlarsa ta kansa, cewa yana kiran Hajiyarsa a Zariya duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci don ya sanyaya mata zuciya game da tafiyar da yake shirin yi. Ya ce katin yana gida na huɗu, ya kuma yi rajista a watan Muharram.